Yadda Za Ka Horar da Kunnenka Ya Ji Kiɗan Kowa: Jagora Daga Zangon Kumasi

Duk wanda ya tashi a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango ya san Kumasi ba ta yin shiru. Da sassafe mai koko ta kunna ƙasida a 'yar rediyonta. Ka shiga trotro, wato motar haya, zuwa kasuwar Kejetia, direba ya sa waƙar coci da Tonanci, harshen Tonawa, wato mutanen Asante. Yaro mai pragya, wato babur mai ƙafa uku, ya gifta ka da asakaa, salon rap na samarin Kumasi, kamar zai fasa lasifika. Ran Asabar gangunan adowa, wani kiɗan gargajiya da ake rawa da shi, na tashi daga wajen makokin Tonawa, da yamma kuma a gidan biki cikin zango a saki waƙar fiyano ta Kano, mata su cika fili. Duk wannan kyauta yake shigo mana kunne, amma yawancinmu iri ɗaya ko biyu muke ji, sauran mu ce hayaniya ce.

Na daɗe ina neman dalili, kuma ga abin da na gano: kunnen Bahaushe magana yake fara nema. Haka aka rene mu. Idan aka ce mawaƙi ya iya, ana nufin ya iya sarrafa harshe, ya iya kirari, zambonsa na da zafi, habaicinsa na zuwa inda aka aike shi. Wannan baiwa ce babba, amma tana da illa guda. Da zarar an sa waƙar da ba mu jin harshenta, sai kunne ya nemi magana ya rasa, ya rufe ƙofa.

Wani dattijo tela a unguwarmu ne ya fara buɗe mini ƙofar. Ina zaune a shagonsa ina jiran ya gama mini aikin wuyan riga, ana kiɗan makoki a wani fili can bayan layi, na ce, "Baba, su mutanen nan ba sa gajiya da wannan doke-doken?" Bai ɗago daga keken ba. Ya ce, "Ɗana, ka bar gangunan, ka bi ƙarfen." Sai ya ɗauki almakashi yana ɗan buga shi a gefen teburi, daidai da wata siririyar ƙara da ban taɓa lura da ita ba a cikin kiɗan. Minti biyu ba a yi ba na ji gangunan da nake ɗauka rikici ne sun jeru, kowace na da gurbinta a jikin ƙarfen nan. Abin da zan shimfiɗa a ƙasa daga wannan zaman ya samo tushe.

Kafin mu shiga, magana ɗaya. Malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa, kowa kuma ya san inda ya tsaya. Wanda ya taƙaita a kan bege, mandiri da rubutacciyar waƙa, matakan nan za su yi masa aiki a cikin iyakarsa. Wanda ya faɗaɗa, ya san dai an kira salla an kashe komai, kuma waƙar batsa ba ta zama mai kyau don kiɗanta ya yi daɗi.

Da farko, gyara wurin ji

Lasifikar waya ba ta fitar da muryoyin ƙasa. Babbar ganga da jita mai kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bas, duk ɓacewa suke yi, kuma a rege na Jamaika ko amapiyano na Afirka ta Kudu su ne ƙashin bayan kiɗan. Nemi abin sa wa a kunne mai ɗan kyau, ko ƙaramar lasifika mai kauri. Ba sai mai tsada ba. Ka ware minti ashirin da ba ka komai, bayan isha'i ko da hantsi kafin kasuwa ta cika, ka kife wayar don saƙonni kada su ɗauke maka hankali.

Ka kuma tausaya wa kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jin ƙara mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma da ƙarar ta ƙaru, lokacin raguwa yake yi da sauri. Shawararta mai sauƙin riƙewa ita ce kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayarka. Idan ka taso daga gaban lasifikar biki kunnenka na yin "ziii", an riga an yi masa rauni, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa.

Waƙa ɗaya, sau huɗu

Wannan shi ne gindin aikin. Ɗauki waƙa ɗaya tak daga irin kiɗan da ba ka saba da shi ba, ka ji ta sau huɗu a jere, kowane zagaye da abin da kake farauta.

Zagayen farko kada ka nemi komai. Ka bar ta ta wuce, ka lura kawai da abin da jikinka ya yi: ƙafa ta motsa, ko gabanka ya yi nauyi, ko ka ƙosa.

A na biyu ka nemi mai riƙe lokaci. Kusan kowane kiɗa yana da abu ɗaya da ba ya canzawa, wanda sauran ke jingina da shi. A adowa ƙarfen nan ne da Tonawa ke kira dawuro. A agbadza, kiɗan ƙabilar Ewe, ƙararrawa ce mai baki biyu, gankogui. A rege jita ce mai saran gefe. A kiɗan ƙwarya na matanmu, akwai ƙwaryar da ke tafiya a kan hanya ɗaya yayin da wata ke yin ado. Idan ka same shi, ka tafa tare da shi har waƙar ta ƙare.

A na uku ka sauka ƙasa, ka bi murya mafi kauri ita kaɗai, ka ga ko tana tafiya tare da mai riƙe lokaci ko tana ja da shi.

Sai a na huɗu za ka saki kunnenka ga mawaƙi. Ko ba ka jin harshen, akwai abin ji: ina yake shan numfashi, wa ke amsa masa, amshin yana dawowa yadda yake ko ana canza shi. Mu da muka san gindin waƙa da 'ya'yanta, muka san jagora da 'yan amshi, muna da mabuɗin da ke buɗe waƙar Tonawa, ta coci, har da ta baƙaƙen Amurka, domin duk a kan kira da amsawa aka gina su.

Koya wa hannu ƙirga

Abin da hannu bai iya ba, kunne yakan sha wuyar kama shi. Ga darussa uku, ka yi su a kan cinya ko a kan benci.

Na ɗaya: ƙirga ɗaya zuwa shida, kana maimaitawa ba tsayawa. Hannun dama ya buga a kan 1, 3, 5. Hannun hagu ya buga a kan 1 da 4. Da farko hannuwan za su riƙa bin juna, kada ka damu, ka rage sauri. Ranar da suka rabu, kowanne ya kama hanyarsa, ka riƙe sirrin da ke ƙarƙashin yawancin kiɗan gargajiya na yammacin Afirka: uku na tafiya a kan biyu lokaci guda. Shi ya sa za ka ga mai rawar adowa ƙafarta na bin wani lissafi, hannunta mai riƙe da hankici na bin wani.

Na biyu: ƙirga zuwa goma sha biyu, ka tafa a kan 1, 3, 5, 6, 8, 10, 12. Bugu bakwai ke nan. Wannan ita ce tafiyar ƙararrawar agbadza, kuma za ka same ta a kiɗan Yarabawa, har a tsibirin Kuba inda bayi suka tafi da ita.

Na uku: ƙirga zuwa goma sha shida, ka tafa a kan 1, 4, 7, 11, 13. Bugu biyar, uku sannan biyu. Ita ce ƙararrawar kpanlogo, kiɗan da samarin ƙabilar Ga suka ƙirƙiro a Ankara, babban birnin Gana, a farkon shekarun 1960, ita ce kuma mutanen Kuba ke kira kilabe. Idan wannan ta zauna maka a hannu, za ka riƙa jin inuwarta a hailaif, wato kiɗan rawa na Gana, a rumbar Kwango, da waƙoƙin zamani da yawa da ake sakawa a Adum, tsakiyar Kumasi.

Mako guda kana yin waɗannan minti biyar-biyar ya isa ka ji bambanci.

Fara daga gida, ka bi maƙwabta

Kuskuren da na ga mutane na yi shi ne tsalle daga waƙar Hausa kai tsaye zuwa kiɗan da ya fi kowanne nisa, su ji ba su gane ba, su haƙura. Ka bi hanya zango-zango, yadda fatake suka bi ta Gwanja.

Fara da kalangu. Makaɗi na matse tsirkiyoyin a hammata, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake kwaikwayon hawa da saukar maganar Hausa har mai sauraro ya ji takensa. Daga nan ka matsa zuwa lunga ta Dagwamba. Siffa ɗaya ce, amma aikin ya fi nauyi, domin makaɗan lunga su ne ma'ajiyar tarihin sarakunan Dagbon, suna jero sunaye da kirarin kakanni. Sannan ka nemi donno a cikin kiɗan Tonawa, wadda ita ma 'yar gidan ce, daga arewa ta gangaro. Kusa da ita za ka ji atumpan, ganguna biyu da ake kira mace da namiji, ɗaya mai siririyar murya ɗaya mai kauri, suna faɗin magana da Tonanci kamar yadda kalangu ke faɗin ta da Hausa. Haka za ka yi da masu tsirkiya: kuntigi mai tsirkiya ɗaya irin na marigayi Ɗan Maraya Jos, gurmi, sannan kologo mai tsirkiya biyu na Farafara, wanda King Ayisoba ya kai Turai, sannan kora ta Mandinka mai tsirkiya 21.

Zango na gaba hailaif ne, kuma a nan ya kamata ka daɗe, tunda a ƙasarsa kake zaune. Yana da reshe biyu. Akwai na manyan ɗakunan rawa, mai ƙahonin Turawa, wanda E.T. Mensah da ƙungiyarsa Tempos suka yi fice da shi a shekarun 1950, lokacin da ake fafutukar 'yancin kai. Akwai kuma na jita, na talakawa, wanda ake kira kiɗan bammi saboda a wuraren shan bammi ya girma. Tun 1928 wata ƙungiya mai suna Kumasi Trio ta je Landan aka ɗauki kiɗanta a faifai. Idan kana son jin wannan reshen da tsabtarsa, nemi Koo Nimo, dattijon da ya yi shekaru yana aiki a jami'ar KNUST ta Kumasi yana kuma kiɗa. Ka lura da yadda yake taɓa jita da babban yatsa da manuni kawai, babban yatsa na riƙe ƙasa, manuni na zance a sama, salon da ke ɗauke da ƙamshin seperewa, tsohuwar garayar Tonawa. Muryarsa ba ta ihu. Labari yake bayarwa, kamar mai tatsuniya.

Daga nan tarihin na tafiya da kansa. A shekarun 1980 'yan Gana da suka yi ƙaura zuwa Jamus suka haɗa hailaif da na'urorin kiɗa, aka sami boga hailaif. A tsakiyar shekarun 1990 Reggie Rockstone ya ɗora salon rap da Tonanci, aka kira shi hiplaif, ƙungiyar VIP daga unguwar Nima ta Ankara kuma ta shigar da Hausar zango ciki. A 2020 samarin Kumasi suka fito da asakaa, wanda asalin kiɗansa daga Shikago ya bi ta Landan kafin ya iso nan. Ka jera waƙa ɗaya daga kowane zamani ka ji su a dare guda. Za ka ji abin da aka yar a hanya da abin da ya ƙi mutuwa. A ganina abin da ya ƙi mutuwa shi ne waƙar maraya da wahalar neman abinci, wadda ke bakin masu jitar da, take kuma bakin Black Sherif, ɗan zangon Konongo, a yau.

Kiɗan nesa: tambayi abin da masu shi ke saurare

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma kowace al'umma na da abin da take kasa kunne a kai. Idan ka auna kiɗan wasu da mudun gidanku, kullum zai fito da gibi.

A rege, ƙirga huɗu. Bugun farko, inda kake tsammanin ganga, sau da yawa fanko ne, nauyin sai a kan na uku yake faɗowa, jita kuma na sara a kan na biyu da na huɗu. Wannan ramin da aka bari shi ne daɗin. A buluz na baƙaƙen Amurka, baiti layi uku ne: a faɗi magana, a maimaita ta, layi na uku ya ba da amsa, duk a cikin awo goma sha biyu. Jaz, wanda ya tashi a New Orleans, ya ɗauki irin wannan zagayen, sai makaɗa su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙirƙirar nasa nan take. Idan ka ɓace a tsakiya, ka riƙa rera karin farkon a zuci, za ka ga mai busa yana zagaya shi ne kamar yadda Shata ke barin amshi ya yi nisa ya dawo.

Kiɗan Larabawa a kan maƙam yake tafiya, wato jerin muryoyin da ake gina kari a kai, kuma yana da muryoyin da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka kuskure ne. Mu kuwa kunnenmu ya riga ya san maƙamai irin su bayati, hijaz da saba daga bakin masu ƙira'a na Masar, ko da ba mu san sunayensu ba. Na Indiya ya wuce abin da muka sani a fim. A kiɗansu na asali ana iya share minti goma ko fiye ana shimfiɗa raga, wato tsarin karin, a hankali babu ganga ko ɗaya, sannan tabla, 'yan gangunansu biyu, ta shigo da zagaye, wanda ya fi shahara mai bugu 16 ne, kuma gwanintar ita ce kowa ya yi yawonsa su haɗu daidai a kan bugun farko. Kiɗan taron makaɗan Turawa, mai goge iri-iri, shi ne ya fi ba ni wuya, domin babu ƙarfen da za ka riƙe. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in kama ɗan gajeren karin da aka fara da shi, in bi shi kamar baƙo a kasuwa, in ga inda ya canza riga, inda ya ɓuya, inda ya sake fitowa.

Kada ka bar wa YouTube, Audiomack ko Boomplay zaɓi. An gina su ne su ƙara maka irin abin da ka riga ka ji. Kai za ka rubuta sunan abin da kake nema da hannunka.

Maganar harshe kuma, muna da arzikin da wasu ba su da shi. A layi ɗaya a zango akwai mai jin Tonanci, Dagbanci, Farafara, Zabarmanci, Yarabanci da Faransanci. Bayan ka ji waƙa sau huɗu, kai ta wurin mai harshen ka ce, "Yaya, don Allah me ake faɗi a nan?" Ka roƙe shi ya faɗa maka har karin maganar da ke ciki, domin waƙar Tonawa cike take da shi kamar tamu.

Je ka gani da ido

Gani ya kori ji. Duk bayan kwana 42, ran Lahadi, ana bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante, kuma ɓangaren da ake yi a bainar jama'a kowa na iya zuwa. Can za ka ji kete da fontomfrom, manyan gangunan sarauta, da ƙahonin hauren giwa, ka kwatanta su da tambari da kakakin fadojinmu. Cibiyar Al'adu da ke kan hanyar Bantama ma takan sami masu kiɗa da rawa. Idan maƙwabcinka Batone ya yi rashi ka je gaisuwa, ka ɗan tsaya kusa da makaɗa. Ka sa ido a kan mai atumpan da mai rawa: shi yana kallon ƙafarta, ita tana sauraron hannunsa, idan ya juya kiɗan ta juya, wani lokaci ita ce ma ke ja shi. Motsin hannunta magana ce, akwai na kuka da rashi, akwai na miƙa lamari ga Allah. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, kuma idan an yi maka kiɗa ka san hannu ba ya fita fanko.

Rubuta, sannan ka yi magana da mutane

Sayi ƙaramin littafi. Duk waƙar da ka zauna da ita, rubuta kwanan wata, sunanta, da amsar tambaya uku: me ke riƙe lokaci, a wane wuri ne waƙar ta juya, kuma don wa aka yi ta, wato a wane taro take rayuwa, makoki ne, fada ce, gona ce ko ɗakin rawa. Sai a ƙarshe ka rubuta ko ta yi maka. Haramta wa kanka kalmomin "daɗi" da "ba daɗi" su kaɗai, dole ka faɗi dalili. "Amshin ya yi yawa har ya danne labarin" magana ce. "Mai jitar ya bar wuri, shi ya sa muryar ta fito" magana ce. Ba dole ka so komai ba. Akwai kiɗan da na ba shi haƙƙinsa sau huɗu, na gane yadda aka gina shi, har yau bai shiga raina ba, na rubuta hakan na wuce. Amma ka koma wa irin wannan bayan wata uku, domin wani lokaci kunne ne bai nuna ba.

Idan kuna da bes, wato majalisar da kuke zama shan ataya, ku ware dare ɗaya a mako. Kowa ya zo da waƙa ɗaya, sharaɗin shi ne ba wanda zai yi magana sai ta ƙare, kuma wanda ya kawo ta shi ne na ƙarshen bayani. Ku gayyaci dattijo ɗaya lokaci-lokaci, musamman cikin waɗanda suka yi zamanin faifan garmaho da kaset. Kunne ya girmi kaka, za su gaya muku wane kiɗa ake yi a bikin zango kafin zuwan fiyano, da yadda 'yan goge ke kwana suna yi.

Komawa gida

Bayan wata biyu ko uku kana wannan yawo, ɗauko waƙar Hausa da ka fi sani, wadda ka haddace tun kana yaro, ta Ɗanƙwairo ce, ta Barmani Choge ce, ko wani bege da mahaifiyarka ke so. Yi mata sau huɗun nan, ka hana kanka bin magana sai a zagayen ƙarshe. Ni da na yi haka da wata waƙar fada da nake ji fiye da shekara ashirin, sai na tarar ban taɓa jin kotsunan ba. Na ji yadda 'yan amshi ke karɓe layi daga bakin jagora tun bai ƙarasa ba, su ƙara masa, su miƙa masa, shi kuma ya shigo a gefen bugu, ba a kansa ba. Washegari na koma shagon Baba tela da wayata na sa masa. Ya tsayar da keken, ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙo mini almakashin ya ce, "To, nuna mini inda ƙarfen yake a wannan."